Nas Mai Kula da Sitoma: Awo a Kan Cikin da Ƙaba Ta Kumbura

Likitan tiyata yakan gama nasa aikin cikin 'yan awoyi. Ya yanke ɓangaren hanjin da ya lalace, ya huda bangon ciki, ya fito da bakin hanjin waje ya ɗinke shi da fata, don bahaya ta riƙa fita ta nan maimakon dubura. Wannan jan bakin mai damshi shi ake kira sitoma. An ceci rai, sai godiya. Amma daga ranar da aka sallami mutum, ko zai iya zama cikin jama'a, ya shiga sahu a masallaci, ya hau motar haya ba tare da gabansa na faɗuwa ba, duk ya rataya ne a kan wani faifai mai danƙo da bai fi tafin hannu faɗi ba, da kuma gwanintar wanda ya yanka shi.

Sitoma ba ta da tsokar da ke riƙe bahaya, saboda haka ba ta neman izini. Dole a maƙala mata jaka dare da rana. Faifan shi ke riƙe jakar a jiki, ana huda tsakiyarsa daidai girman sitomar, kuma shi ke tsare fata daga abin da ke fitowa. Idan daga ƙaramin hanji aka fito da sitomar, abin da ke zuba ruwa-ruwa ne, ɗauke da sinadaran narkar da abinci, kuma ba ya ɗaukar lokaci yake saɓule fata. Fatar da ta saɓule tana tsattsafo da ruwa, faifai ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, sai yoyo ya ƙaru, fata ta ƙara ci. Karya wannan zagayen shi ne aikin nas mai kula da sitoma.

A asibitocin arewa sitoma ba baƙon abu ba ce. Taifot da ya huda hanji, murɗewar hanji, sankara, harbin bindiga, jaririn da aka haifa ba dubura, duk suna kai mutum ga sitoma. Da yawa ta wucin gadi ce, za a mayar da hanjin daga baya, sai dai rashin kuɗin tiyata ta biyu yakan mayar da watanni uku su zama shekara.

Sana'ar ba ta daɗe a duniya ba, kuma majinyaciya ce ta fara ta. Norma Gill, wata mata a jihar Ohio ta Amurka, ta sha fama da ciwon hanji har likita Rupert Turnbull na asibitin Cleveland Clinic ya yi mata sitoma. Da ta warke sai ta dawo tana koya wa sababbin majinyata yadda za su rayu da ita. A 1958 ta zama mutum na farko da aka ɗauka aiki don wannan kaɗai, a 1961 ita da Turnbull suka buɗe makarantar koyar da aikin. Turnbull ɗin ne kuma a 1952 ya lura cewa hodar karaya, wadda ake liƙa haƙoran roba da ita, tana kama fata ko da jiƙe take. Karaya ƙaro ne na wata itaciya a Indiya, kuma 'yar uwarta ta Afirka ta Yamma ita ce kukkuki da muka sani a dazukanmu, wadda har yau ake tatsar ƙaronta a Senegal ana fitarwa waje. Can a Denmak, a 1954, wata nas mai suna Elise Sørensen ta ga ƙanwarta ta daina fita daga gida bayan tiyata don tsoron yoyo, sai ta ƙirƙiro jakar da ke manne wa fata kai tsaye, a yi amfani da ita a yar. Daga wannan dabara kamfanin Coloplast ya samo asali a 1957. Faifan da ake amfani da shi yau, mai shan damshi yana kumbura a hankali, ya shigo a farkon shekarun 1970.

Idan sitoma zagayayya ce, ta ɗan fito waje, tana zaune a kan shafaffen ciki, kowa ma zai iya yin awon. Akwai takardar awo mai ramuka girma-girma, a gwada a ga wanda ya dace, a yanka ramin ya fi sitomar da milimita biyu ko uku. A makonni shida zuwa takwas na farko ana sake awo a kai a kai saboda kumburin tiyata yana saɓewa. Daga nan sai a zauna lafiya.

Ƙaba ce ke ɓata lissafi. Ramin da likita ya huda a tsokar ciki rauni ne da ba ya rufewa, tunda hanji na bi ta cikinsa. Da tafiya ta yi tafiya yakan buɗe, wani ɓangaren hanji ko kitse ya kutso ya taru ƙarƙashin fata kewaye da sitomar. Binciken likitoci ya nuna abin yana iya samun kusan rabin masu sitomar babban hanji ta dindindin. Ƙiba, tari mai naci, shan taba, tsufa da ɗaga kaya masu nauyi suna hanzarta shi. To ka gaya wa manomi ko ɗan dako ko matar da ke jan guga kullum cewa kada su ɗaga abu mai nauyi, ka ga kallon da za su yi maka.

Da zarar kumburin ya taso, fatar da ke kansa ta miƙe ta yi siriri. Sitomar da take zagayayya ta koma mai siffar ƙwai, ko ta baje ta yi daidai da fata, ko ta sunkuya ta kalli ƙasa inda mai ita ba ya ganinta sai da madubi. Abin da ya fi wahala shi ne girmanta ba ɗaya ba ne a yini guda. Mutum na kwance ƙabar ta koma ciki, sitoma ta tsuke. Ya miƙe tsaye ko ya yi tari, ƙabar ta cika, sitoma ta buɗe. Tela yana auna mutum sau ɗaya ya ɗinka riga ta shekara. Wannan nas kuwa tana auna jikin da ya sauya kafin ta ajiye almakashi.

Ka tsaya kusa da gwanar aikin ka ga inda take farawa. Ba ta taɓa sabon faifai tukuna. Tsohon take cirewa a hankali, ba fizga ba, tana danna fata da yatsa tana raba ta da danƙon, daga sama zuwa ƙasa, domin fatar da ke kan ƙaba tana yagewa cikin sauƙi. Sai ta juya shi ta kalli bayansa. Mafi yawan majinyata suna dunƙule shi su jefar cikin ƙyama, alhali kuwa duk labarin yana nan. Inda danƙon ya narke, inda bahaya ta ja layi ta bi ta fita, nan ne ƙofar yoyon. Masu aikin suna kwatanta wurin da fuskar agogo: ta ƙarfe uku ya fita, ko ta ƙarfe tara, wato ta gefe inda ciki ke ninkewa, ko ta ƙarfe shida, ƙarƙashin kumburin. Sai ta dubi fatar ta ga ko jan wurin ya yi daidai da abin da faifan ya faɗa.

Ta wanke da ruwan ɗumi zalla, ta tsane. Sa'an nan awo. Ta duba sitomar mutum na kwance, ta ce Baba tashi zaune, ta sake dubawa, ta ce ya miƙe, ya yi tari, ya sunkuya kamar zai ɗauki abu a ƙasa. Wadda ta san mutanenta za ta ce ya yi ruku'u, ya tsuguna, domin a nan ne cikin Bahaushe ke ninkewa sau da yawa a yini, kuma ninkin da bai fito ba a kan gadon asibiti zai fito a kan darduma. Girman da ya fi kowanne shi za ta ɗauka. Idan ta yanka a kan ƙaramin awo, bakin faifan zai riƙa gurzar sitomar, kuma sitoma ba ta jin zafin yanka, sai dai a ga jini a cikin jaka.

Takardar awo mai zagayayyun ramuka ba ta da amfani a nan. Farar leda mai gani-har-hanji take ɗorawa a kai ta zana siffar sitomar da alƙalami, ta sa alama a gefen da ke kallon kai. Akwai ɗan tarko a nan da ke kama sabon shiga: ana zana ramin ne a bayan faifan, gefen da zai fuskanci jiki, saboda haka sai an kife ledar kafin a kwafa, in ba haka ba dama ta koma hagu, a yi asarar faifai guda. Ta yanka da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, ta bi bakin ramin da yatsa ta goge kaifinsa. Idan cibiya ko tabon ɗinki ya yi kusa, takan karkatar da ramin daga tsakiya don faifan ya kauce masa.

To tunda an yanka a kan babban awo, idan sitoma ta tsuke fata za ta bayyana a gefe. Wannan gurbin ake cikewa da zobe mai laushi, irin danƙon faifan ne amma ana miƙa shi ana murɗa shi da yatsu, a gutsura a ƙara inda kwari yake. Shi zoben yana bin sitomar idan ta motsa, ba ya yankarta. Akwai kuma wani kwaɓi da ke zuwa a bututu. Mutane da yawa sun ɗauka gam ne, suna labta shi ko'ina, alhali na toshe 'yan ramuka ne kawai, kuma wani irinsa yana da zafi a kan ɗanyen ciwo. Inda fata ta saɓule, a barbaɗa hodar sitoma, a kaɗe wadda ba ta kama ba. Basilin, man kaɗanya da sabulu mai maiƙo ba su da wuri a nan ko kaɗan, domin danƙo ba ya kama maiƙo.

Shimfiɗaɗɗen abu ba ya kwanciya a kan tudu sai ya yi tattara, kuma kowace tattara hanya ce. Shi ya sa take tsattsaga gefen faifan na waje, tsaga huɗu ko biyar gajeru, don kowane kunne ya kwanta da kansa a kan kumburin. Kamfanoni sun ga wannan dabara har suna ƙera faifai mai kwarmi da kunnuwa tun daga masana'anta. Ta ɗumama faifan a tsakanin tafukanta, ta manna daga ƙasa zuwa sama fata na miƙe, ta ce wa majinyaci ya dafe shi da hannu na ɗan lokaci, ɗumin jiki ya ƙarasa aikin.

Inda ake gane wadda ta ƙware shi ne batun faifai mai doro. Wannan faifai yana da tudu mai tauri a baya wanda ke danna fata don sitomar da ta baje ta ɗago. Yana maganin yoyo a jiki da yawa, shi ya sa hannu ke saurin kai masa. Amma a kan ƙaba, tsakanin wannan tudun da hanji babu komai sai siririyar fata. Dannawa ta kwana da kwanaki tana iya buɗe gyambo mai wuyar warkewa. A ganina, nas ɗin da ta fara da faifai mai laushi, wanda ke haɗe da jakarsa ba zoben roba mai tauri a tsakani, ta fi gaskiya, ko da za a riƙa canza shi da wuri. Idan dole sai mai doro, to mai laushin doro, kuma a duba fatar duk canji. Haka nan nannaɗe gefen faifai da filasta idan ya fara yoyo ba gyara ba ne, ɓoye ɓarna ne. Bahayar tana nan ƙarƙashi tana cin fata. Faifan da ya yi yoyo cire shi ake yi.

Akwai ɗamarar roba mai faɗi da ke tallafe kumburin. A kwance ake ɗaura ta, bayan ƙabar ta koma, ba a tsaye ba. Ba ta warkar da komai, tana dai rage nauyi da jan ciki. Gyaran gaske na tiyata ne, galibi da raga da ake shimfiɗawa daga ciki, irin hanyar da likita Paul Sugarbaker ya bayyana a 1985. Sai dai ƙabar gefen sitoma ta yi suna wajen dawowa, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar yanka idan ba ta toshe hanji ba kuma jaka tana zama.

A wurinmu wahalar ta ninku. Kayan duk daga waje suke, farashinsu na bin dala, kuma ba kowane kemis ke ajiye su ba. Faifan da a ƙasar sanyi zai kwana uku zuwa biyar, zufar watan Afrilu tana iya narkar da shi tun kafin nan, ballantana an ajiye kwalinsa a ɗaki mai rufin kwano. Wanda ba shi da hali yakan koma ga ledar kasuwa da filasta, ko tsumma, ko kunzugun yara. Ga shi yawancin tiyatar ta gaggawa ce cikin dare, ba a sami damar zaunar da mutum a zaɓi wuri mai kyau a sa alama ba, sai sitoma ta faɗo cikin ninkin ciki ko kan layin mazagi. Asibitoci ƙalilan ne ke da nas da aka horar don wannan aiki. Galibi ya faɗa kan wadda ke ɗakin tiyata, ta koya da ido da tausayi. Irin wannan nas ita ke amsa tambayar da majinyaci ke jin nauyin yi wa likita, ta alwala da salla. Fiƙihu ya san mai lalurar da najasa ke fita masa ba da ikonsa ba, ya kuma yi masa sauƙi, kuma malamai da dama a wannan babin suke sanya mai sitoma. Nata shi ne ta tura shi ga malaminsa, ta koya masa zubar da jaka kafin ya tayar da kabbara, ta tabbatar faifan zai jure sujada.

Mai karatu, idan kana da ɗan uwa mai sitoma da jakarsa ke yawan yoyo, kada a ɗora masa laifin ƙazanta, awon ne ya daina dacewa da jikinsa. A ƙulla faifan da aka cire na ƙarshe a leda a tafi da shi asibiti a nuna. Idan kuwa kumburin ya yi tauri yana ciwo, ya ƙi komawa ko mutum ya kwanta, ko sitoma ta daina fitar da komai ga amai, ko launinta ya juya ya yi baƙi, to ba batun faifai ba ne kuma. A kai shi wurin likitan tiyata a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.