Asid a Kwalbar Turare: Kafin Ki Shafa Haɗin Ɗaye Fata

Da zarar an sa wa yarinya rana a Masanawa, ko Garo, ko cikin garin Gwarzo, maganar gyaran jiki ce ke bin bayan ta kayan ɗaki. A da dilka ce da halawa da kurkum da lalle, a bi da man kaɗanya. Yanzu wata 'yar kwalba ta shigo sahu, ana kiranta siram. Ba sunan kamfani a jikinta, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Wata ce a unguwa ta haɗa. Ta koya a TikTok ko a wani ajin WhatsApp, ta aika an sayo mata kayan a kasuwar Sabon Gari, ta dama a roba, ta ɗura. In kin tambaye ta sai ta ce, "Hajiya, oganik ne, kwana bakwai kin zama tarwaɗa."

Mu yi wa abin adalci tukuna. Sinadaran asid da ake gyaran fata da su ba guba ba ne a karan kansu. Gilaikolik ana samunsa a rake, laktik kuwa shi ne tsamin da kike ji a nono. Salisilik likitoci na ba da shi don ƙurajen fuska. Aikinsu shi ne sassauta matacciyar fatar da ke sama ta zube, ta ƙasa ta fito. Fata dama tana sabunta kanta cikin kamar mako huɗu, asid yana gaggauta abin ne kawai.

To ina matsalar? Awo. Masana kayan shafa a Amurka, waɗanda hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ke kafa hujja da bincikensu, sun ce wanda mutum zai shafa da kansa a gida kada ƙarfin gilaikolik ko laktik ɗinsa ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Salisilik na kanti ba ya wuce kashi 2. Shi kuwa ɗanyen gilaikolik da ake sayar wa masu haɗi, sau da yawa kashi 70 yake zuwa, ƙarfin da likitan fata ne kaɗai ke taɓawa, shi ma yana kallon agogo, ya wanke shi cikin 'yan mintuna. Mai haɗin da ke auna wannan da cokalin shayi da murfin kwalba ba ta san kashi nawa ta ɗura miki ba. Ba mugunta take yi ba, ita ma shi take shafawa.

Akwai kuma awo na biyu wanda ido ba ya gani, wato ma'aunin tsami da ake kira pH. Na fatar mutum yana wajen 5. Siram na gida bai kamata ya sauka ƙasa da 3.5 ba. Kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne: abin da ke kan 2 ya ninka na kan 3 tsami sau goma. Kwalba biyu za su iya zama iri ɗaya a launi da ƙamshi, ɗaya ta gyara, ɗaya ta saɓule fuska. Ki tambayi mai haɗinki da me take auna pH. Amsar da za ta ba ki ta ishe ki.

Abin da masu bidiyon ƙasashen waje ba sa faɗa mana shi ne fatarmu ba irin tasu ba ce. Baƙar fata in ta ji rauni, ramuwarta ita ce ta ƙara fitar da baƙi a wurin. Shi ya sa wadda ta ƙone da haɗi takan yi fari fat na sati biyu, ana ta yaba mata, daga nan kumatu da goshi da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin, tabon ya kwashe watanni, wani har shekaru. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ga kuma rana. Asid yana rage wa fata kariya daga rana, har kusan mako guda bayan an daina shafawa. Wadda za ta je gona, ko rijiya, ko ta taka zuwa Islamiyya a zafin watan Afrilu ba tare da man kariyar rana ba, ta miƙa sabuwar fata ga wuta. Da hunturu kuma ta tsage.

Sau da yawa ma ba asid kaɗai ke cikin kwalbar ba. Don a ga haske da wuri akan zuba haidurokwinon, ko a matse tub na siteroyid irin su kulobetasol, wanda maganin ciwo ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. Siteroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore shar, nankarwa ta tsattsaga cinya da hannu, rauni ya ƙi warkewa. Haidurokwinon in an daɗe a kansa yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar magani. A 2023 NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana nuni da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na shafa mayukan ƙara haske. Mai juna biyu da mai shayarwa su yi nesa da bilicin gaba ɗaya. Yara kuwa, don Allah a bar su da fatar da Allah ya ba su.

Masu cewa su lemon tsami kawai suke matsawa, su sani tsaminsa yana wajen 2 a ma'aunin pH, kuma in rana ta same shi a fata yana iya tayar da bororo. Haɗin da aka dama da ruwa ba tare da sinadarin hana ruɓa ba, a zafin ɗakunanmu, kwana kaɗan ya zama gidan ƙwayoyin cuta.

In tsautsayi ya riga ya afku, fuska tana raɗaɗi ko ta yi fari kamar an barbaɗa gari, kada ki yarda da "ai aiki yake yi". Ki yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 20. Ban da kanwa, ban da toka, ban da man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai. Kada ki ɓanɓare ɓawon. In haɗin ya shiga ido, ko wurin ya yi bororo, a nufi asibiti mafi kusa, Kabo ko Gwarzo. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki wajen likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wadda ta daɗe tana shafa mai siteroyid kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, fatar na iya tayar da bori, likita ne zai janye mata shi a hankali. Ki tafi da kwalbar a jakarki, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina shafawa.