Takardar "Na Yafe": Wa Ke Ɗaukar Alhaki Idan Laima Ta Ƙi Buɗewa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun daga shekarar 2005, kusan duk lokacin hutun Ista ana taruwa a kan dutsen Odweanoma da ke Atibie, a ƙasar Kwahu. Ana ɗaure mutum tare da matuƙi a jikin wata babbar laima, su sheƙa da gudu zuwa bakin dutse, iska ta ɗauke su, su yi ta shawagi har su sauka a filin ƙwallo na Nkawkaw. Matasanmu na Nima da Maamobi da Newtown suna ganin hotunan a waya, suna sha'awa. Masu zuwa Dubai kuwa sun san wanda ya fi wannan: mutum ya diro daga cikin jirgin sama, daga tsayin kimanin mita 4,000, ya yi ta faɗowa kusan minti ɗaya kafin a buɗe laima.

Al'adar masu irin wannan sana'a ce a duniya, kafin a ɗaura wa mutum ɗamara sai an miƙo masa takarda da biro. Galibi da Turanci take, rubutun ƙanana, mutum kuma yana ɗoki, abokai suna jira. Sai ya rattaba hannu. Wannan takarda ita ce abin da muke son mu yi bayani a kai: me ta ɗauke wa mai sana'a, me ta kasa ɗauke masa, a dokar ƙasa da kuma a fiƙihu.

Abin da takardar ta ƙunsa

Lafuzza suna bambanta, amma yawanci abu huɗu ne. Na farko, mutum ya yi iƙirarin ya san wasan yana da haɗari, ana iya karyewa, ana iya mutuwa, kuma da son ransa ya zo. Na biyu, ya yi alkawarin ba zai kai ƙara ba, wani lokaci har a rubuta cewa ko da sakacin ma'aikata ne ya jawo. Na uku, a ce wannan alkawari ya hau kan matarsa da 'ya'yansa da magadansa. Na huɗu, ya bayyana lafiyarsa da nauyinsa, ya kuma yarda zai bi umarnin matuƙi.

Na farko da na huɗu babu rigima a kansu. Wurin da ake ja-in-ja shi ne na biyu da na uku.

Haɗari iri biyu ne

Akwai haɗarin da yake cikin jikin wasan, wanda ko ƙwararre ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba zai kawar da shi gaba ɗaya ba. Iska ta juya ba zato ana dab da sauka, ƙafa ta gurɗe. Wanda ya shiga da saninsa ya ɗauki wannan a kansa.

Akwai kuma haɗarin da mutum ya ƙirƙiro da hannunsa: igiya ta tsufa ba a canja ba, laimar ko-ta-kwana ba a duba ta a kan lokaci ba, an ga hadari ya haɗo amma aka tashi don kada a mayar wa mutane kuɗinsu, ko aka ɗaure fasinja da wanda bai ƙware ba. Wannan shi ne sakaci, idan ya yi muni ya zama ganganci. Duk wanda ya riƙe wannan rarrabewa ya riƙe mabuɗin mas'alar.

Yadda kotuna suke kallonta

A Ingila, majalisa ta yi doka a 1977 wadda ta hana mai sana'a ya kuɓutar da kansa da wani sharaɗi idan sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni. Ko an rubuta, ko an sa hannu, sharaɗin ba ya aiki.

A Amurka kowace jiha da hukuncinta. A 1981 Kotun Ƙoli ta jihar Kolorado ta tabbatar da irin wannan takarda a kan wani mai dirowa da laima da ya ji rauni lokacin da jirgin da ya ɗauke su ya faɗi. Dalilin kotun shi ne wasa ne na ganin dama, ba larura ba ce, kuma lafazin takardar a fili yake. Amma ko a jihohin da suke karɓar takardar, yawanci ba ta kare ganganci. A 2016, a garin Lodi na jihar Kalifoniya, wani saurayi ɗan shekara 18 ya rasu tare da matuƙin da aka ɗaure su tare, daga baya ta bayyana matuƙin ba shi da ingantacciyar shaidar ɗaukar fasinja. A 2021 alƙali ya yanke wa iyalan saurayin diyyar dala miliyan 40 a kan mai wurin.

A nan Ghana, dokar Ingila ta 1977 ba ta hau kanmu, don haka kada mu jingina da ita. Asalin ƙa'ida a kotunanmu ita ce sa hannu yana ɗaure mutum. A shari'ar Inusah da kamfanin DHL, wadda ke cikin rahoton shari'o'in Ghana na 1992, Babbar Kotu ta bayyana cewa baligi mai hankali idan ya sa hannu a takardar yarjejeniya, ta hau kansa ko ya karanta ko bai karanta ba, matuƙar babu zamba ko yaudara. Wannan shari'a a kan saƙo ce, ba a kan rai ba, amma ta ishe mu gargaɗi: "ban karanta ba" ba hujja ba ce ga wanda ya iya karatu.

Sai dai akwai abubuwa huɗu da suke taƙaita ƙarfin takardar. Ɗaya, kotu tana fassara sharaɗin kuɓuta a ƙuntace, idan lafazin yana da harshen damo sai a fassara shi a kan wanda ya rubuta. Biyu, akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, tun ta 1912, wadda ta wajabta a karanta wa mutum takarda a bayyana masa ita. A shari'ar Kwamin da Kufuor ta 1914 an tabbatar da cewa wanda yake son ya kafa hujja da takardar Turanci a kan wanda ba ya karanta Turanci, shi zai kawo shaidar an fassara masa ya gane. Wannan ya shafi Zango ƙwarai, domin muna da dattawa da suka sauke Alƙur'ani, suna rubuta Larabci da ajami, amma ba sa karanta Turanci, kuma abin da kotu take dubawa shi ne harshen da aka rubuta takardar da shi. Uku, takarda tsakanin mutum biyu ba ta ɗaure hannun hukuma: dokar laifuffuka ta 1960 ta ɗauki kisa ta hanyar gangancin da ya nuna rashin damuwa da ran ɗan'adam a matsayin laifi. Huɗu, dokar 1963 ta alhakin ɓarna ta ba waɗanda mamaci yake ciyarwa damar neman diyya, ta kuma ba kotu damar raba laifi idan shi wanda ya ji raunin yana da nasa sakacin. Mu lura, irin wannan ƙara tana da wa'adi, shekara uku ne. Wanda abin ya shafa ya nemi lauya da wuri.

Abin da fiƙihu ya ce

Malamanmu ba su ga jirgin sama ba, amma sun ga jirgin ruwa, da dabbar haya, da wanzami, da mai ɗori, kuma sun tattauna babin lamuni, wato wa zai biya idan an yi ɓarna.

Game da shiga wasan kansa, aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ma'aunin da malamai suka sa shi ne rinjayen zaton kuɓuta, kamar yadda suka yi a hukuncin hawa teku. Idan akwai ƙwarewa da kayan aiki nagari, kuma galibin masu yi suna sauka lafiya, hukuncin ya bambanta da inda babu su. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke nuna wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katanga ya ɗauki alhakin kansa. A nan muke ganin asalin cewa wanda ya kai kansa ga haɗari da saninsa ba ya ɗora wa wani.

Game da sharaɗi, asali shi ne Musulmi ya cika abin da ya yarda da shi. Amma hadisin Barira, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya koyar da mu cewa sharaɗin da ya saɓa wa hukuncin Allah ɓatacce ne komai yawan maimaita shi.

Game da mai sana'a, Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba. Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ya tafi a kan cewa likita yana lamuni idan ya jahilci aikin, ko ya gaza a cikinsa, ko ya yi ba da izini mai inganci ba. Sharuɗɗa uku ke nan: ilimi, da kulawa, da izini. Takardar da ake sa wa hannu tana cike na uku kawai. Ba ta mayar da jahili masani, ba ta mayar da sakaci kulawa. Labarin Lodi da muka ambata ya faɗa ƙarƙashin na farko.

Har ila yau, a mashahurin zancen mazhabar Malik, mai sana'a kamar tela ko marini da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su yana lamunce su, ko da ya sharɗanta cewa babu lamuni a kansa. Hikimar ita ce maslahar jama'a: da an bar kowa ya wanke kansa da sharaɗi, da babu mai kula da kayan wani. To idan haka ne a kan yadi, ina ga rai?

Sai mas'alar yafe haƙƙi kafin ya tabbata, wadda Imam Haɗɗab, wanda ya rasu a 954 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kanta. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya gaya wa wani tun da farko cewa ya yafe masa jininsa, sannan wancan ya kashe shi, yafewar ba ta kuɓutar da shi, domin ya yafe abin da bai riga ya mallaka ba. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta nuna ko bayan an ji wa mutum rauni bisa kuskure, yafewarsa ga diyya a cikin sulusin dukiyarsa ake lissafa ta. Dalili, diyya tana shiga cikin gado, akwai rabon mata da marayu a ciki. Saboda haka sharaɗin nan na uku, mai ɗaure magada, shi ne mafi rauni a ma'aunin fiƙihu.

Kada kuma a ce "ƙaddara ce" a rufe magana. Mun yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, amma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, alhali shi ma da ƙaddara ya auku. Yafewa bayan abu ya faru alheri ne mai lada ga baligin da ya yafe rabonsa. Rabon maraya kuwa babu mai ikon kyautar da shi.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye

Mafi yawanmu ba za mu taɓa dirowa daga jirgi ba. Amma makarantunmu na Islamiyya da ƙungiyoyin matasa suna shirya balaguro, musamman bayan Sallah, zuwa bakin teku, ko gadar igiya ta Kakum, ko wuraren da ruwa ke gangarowa daga dutse. Mu ma mun koyi raba wa iyaye takarda su sa hannu cewa duk abin da ya faru babu ruwan makaranta. Ba mu manta da Kintampo ba, inda a watan Maris na 2017 wata babbar bishiya ta faɗo a lokacin iska da ruwa, ta kashe kusan mutum 20, yawancinsu ɗalibai da suka zo yawon buɗe ido.

Ya ku shugabannin makarantu da ƙungiyoyi, wannan takarda shaidar izini ce kawai. Uba waliyyi ne, kuma waliyyi ba ya yin tasarrufi a haƙƙin yaro sai da abin da yake maslaha gare shi. Yaran amana ne a hannunku daga tashi har dawowa. A duba lafiyar mota da lasisin direba da inshora, kada a cika ta fiye da ƙima, a sa manya isassu a kan yara, a samu wanda ya iya iyo idan bakin ruwa za a je, idan hadari ya haɗo a janye yara ko da an biya kuɗin shiga.

Ku kuma matasa, kafin ku sa hannu ku karanta har ƙarshe, ko ku sa wanda kuka yarda da shi ya fassara muku. Ku tambayi shaidar ƙwarewar matuƙi, ku tambaya ko akwai inshorar da ta shafi fasinja, domin inshorar tafiya sau da yawa tana cire wasanni masu haɗari. Ku faɗi gaskiya game da hawan jini ko ciwon zuciya, saboda wanda ya ɓoye cutarsa ya ɗauki kaso na alhakin a kansa. Ku karɓi kwafin takardar ku aika wa wani a gida. Ku nemi yardar iyaye, domin idan abu ya faru su za a fara kira. Wanda ya ƙi amsa muku waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa, sai ku riƙe kuɗinku.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.