GWAJIN JINI DA NA KASHI: YAYA ZA MU GANE CUTAR JOHNE A TUMAKI?

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gaskiya ne. Amma shi kansa gwajin yana bukatar a gwada shi, gama ba kowane gwaji ba ne yake faɗin gaskiya a kowane lokaci. A wannan rubutu za mu duba wata cuta ta tumaki wadda ta daɗe tana wahalar da likitocin dabbobi, mu ga yadda ake nemanta cikin jini da cikin kashi, mu kuma ga iyakar abin da kowane gwaji zai iya gaya mana. Da yawa daga cikinmu muna da tumaki a gida, waɗansu ma da kuɗin rago ake biya musu kuɗin makaranta. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Wace Cuta Ce Wannan?

A shekara ta 1895, a birnin Dresden na ƙasar Jamus, waɗansu likitoci biyu, Heinrich Johne da Langdon Frothingham, suka bincika hanjin wata saniya da ta rame ta lalace. Suka tarar hanjin ya yi kauri, yana kuwa cike da ƙwayoyi masu kama da na tarin fuka. Daga nan aka sa wa cutar sunan Johne, ana faɗinsa "Yone". Likitoci kuma suna ce da ita faratubakulosis, watau mai kama da tarin fuka. Ƙwayar danginsu ɗaya da ta tarin fuka, sai dai ita a hanji take zama. Tana kama shanu, da tumaki, da awaki, da raƙuma, an kuwa same ta a nahiyoyi da yawa har da Afirka.

Yawanci tun tunkiya tana ƙarama take ɗaukar cutar. Ɗan tunkiya yakan haɗiyi ƙwayar daga hantsar uwa da kashi ya ɓata, ko daga ciyawa da ruwan da kashin marar lafiya ya taɓa. Wani lokaci takan bi ta nono, ko ma tun yana ciki. Daga nan sai ta yi shiru. Akan yi shekara 2 ko fiye ba a ga kome ba. A hankali hanjin yana kauri har ya kasa tsotse amfanin abinci. Sai a ga tunkiya tana cin abinci sosai amma tana ta ramewa. Wata takan kumbura a ƙarƙashin haɓa. Shanu sukan yi zawo mai tsanani, amma tumaki da yawa ba sa yi, sai dai kashin ya yi laushi. Ba ta da maganin da yake warkarwa, ƙarshenta mutuwa ne.

To, ga inda wuyar take. Tsutsar ciki, da tsutsar hanta, da lalacewar haƙora, da yunwar rani, duk sukan ramar da tunkiya kamar haka. Ido kaɗai ba zai rarrabe ba. Dole sai an je ga gwaji.

Tambayoyi Biyu da Ake Yi wa Kowane Gwaji

Tambaya ta fari ita ce, cikin dabbobin da suke da cutar da gaske, guda nawa gwajin zai kama? Ta biyu kuwa, cikin dabbobi masu lafiya, guda nawa zai sallama ba tare da ya yi musu ƙazafi ba? Kamar mai gadin ƙofa ne. Wani mai gadin yakan bar ɓarawo ya wuce, wani kuma yakan kama mai gida. Mai gadi na ƙwarai shi ne wanda ba ya yin ko ɗaya, amma a kan cutar Johne har yanzu ba a sami irinsa ba.

Gwajin Jini

Gwajin jini ba ƙwayar cutar yake nema ba. Abin da yake nema shi ne makaman da jiki yake ƙerawa cikin jini domin yaƙi da ita. Wanda aka fi amfani da shi ana ce da shi ELISA. Yana da araha in an kwatanta shi da sauran, ana samun amsa cikin kwanaki kaɗan, ana kuma iya gwada dabbobi da yawa a lokaci guda.

Rauninsa ya fito ne daga halin ƙwayar. Takan ɓuya cikin ƙwayoyin jikin hanji, jiki kuwa ba ya saurin zuba waɗannan makamai cikin jini sai cuta ta yi nisa. Saboda haka tunkiyar da ta rame ƙwarai, wadda hanjinta ya cika da ƙwayoyi, gwajin yakan kama ta sau da yawa. Amma wadda take ɗauke da cutar a ɓoye takan wuce salin alin. In aka haɗa dukan tumakin da suka kamu, manya da ƙanana, sau da yawa ko rabinsu gwajin jini ba ya kamawa.

Ta wajen tambaya ta biyu gwajin ya fi ƙoƙari, ba ya cika yi wa mai lafiya ƙazafi ba. Duk da haka yakan faru. Akwai ƙwayoyi 'yan uwan wannan da suke zaune cikin ƙasa da ruwa, akwai kuma ƙwayar da take sa ƙurji mai mugunya a kaluluwar tumaki. Waɗannan suna iya ruɗa gwajin. Haka kuma tunkiyar da aka yi wa allurar rigakafin cutar Johne, jininta zai iya nuna kamar tana da cutar, gama allurar ita ma tana sa jiki ya ƙera makaman nan.

Gwajin Kashi

A nan ƙwayar da kanta ake nema, hanyoyin kuwa uku ne.

Ta farko, a shafa kashi a gilashi, a rina shi da wani rini na musamman, a duba da madubin likita. Ƙwayoyin sukan fito ja, a dunƙule. Hanya ce mai sauri da sauƙi, amma sai ƙwayoyin sun yi yawa ƙwarai ake ganinsu, ba kuwa lalle a rarrabe su da 'yan uwansu marasa lahani ba.

Ta biyu, a shuka kashin cikin abincin ƙwayoyi a ɗakin gwaji, a jira su tsiro. In sun tsiro, babu sauran gardama cewa ƙwayar tana cikin kashin. Amma wannan ƙwaya tana cikin masu nawar girma. Sai wajen shekara ta 1912 ne Twort da Ingram suka iya renonta a Ingila, irin da ya fi kama tumaki kuwa ya fi na shanu wuyar reno. Akan jira har mako 12, wani lokaci ma watanni. Kafin amsa ta zo, marar lafiyar ta riga ta ɓata makiyaya.

Ta uku ita ce PCR, wadda take neman ƙwayoyin halittar cutar cikin kashi, ta ba da amsa cikin kwanaki kaɗan. Tana bukatar na'ura mai tsada da ƙwararrun ma'aikata. Ba ta kuma rarrabe ƙwaya mai rai da matacciya.

Akwai abu biyu da suke rage ƙarfin gwajin kashi kowane iri. Tunkiyar da cutarta ba ta yi nisa ba, ba kullum take zubar da ƙwayoyin ba. Yau akwai, gobe babu. In an ɗebi kashi ran da babu, sai a ce lafiyarta lau. Sa'an nan a garken da cuta ta yi yawa, tunkiya mai lafiya tana iya haɗiye ƙwayar tare da ciyawa, ta fito cikin kashinta ba tare da ta kama ta ba.

Bari Mu Yi Lissafi

Ga misali domin 'yan ajin lissafi. A ce muna da tumaki 100, guda 10 suna da cutar. A ce gwajinmu yana kama 4 cikin kowane 10 masu cutar, yana kuma yin kuskure a kan 1 cikin 100 masu lafiya. Za mu sami wajen tumaki 5 da gwaji ya nuna, 4 na gaskiya, 1 kuwa ƙazafi. In muka fitar da su biyar ɗin muka ce mun huta, mun ruɗi kanmu, gama 6 masu cutar suna nan cikin garke da shaidar lafiya.

Amma mu juya lissafin. Ko da gwajin bai kama kowa ba, ya riga ya gaya mana abu mafi muhimmanci, watau akwai cutar a garken nan. Wannan shi ne ainihin amfaninsa. Gwaje-gwajen nan sun fi iya ba da labarin garke fiye da labarin tunkiya guda.

Darasi Daga Ƙasashe Biyu

A 1933 aka kai tumaki 20 irin Karakul daga Jamus zuwa tsibirin Aislan domin a kyautata iri. Aka tsare su na ɗan lokaci, aka ga kamar lafiyarsu ƙalau, aka rarraba su gonaki. Sai a 1938, bayan shekara 5, cutar ta bayyana. Ta kashe dubban tumaki kafin a shawo kanta da allurar rigakafi.

A Ostareliya kuwa an fara ganin cutar a tumaki a 1980. Da masana can suka ga raunin gwajin jini, sai suka koma haɗa kashin tumaki 50 wuri guda su shuka shi a matsayin gwaji ɗaya. Ta haka akan gwada tumaki 350 da gwaji 7 kawai, kuɗi ya ragu, damar kama cutar kuma ta ƙaru. Suka riƙa duba hanjin tumaki a mayanka, daga 2002 kuma suka fara amfani da allurar rigakafi mai suna Gudair, wadda ta rage mace-mace ƙwarai.

Abin da Ya Kamata Mu Riƙe

Na ɗaya, in gwaji ya ce tunkiya ramammiya tana da cutar, mu ɗauki maganar da nauyi, mu ware ta, likita ya tabbatar da wani gwajin dabam.

Na biyu, in gwaji ya ce babu, kada mu saki jiki. Amsa guda a kan dabba guda ba shaidar lafiya ba ce. A gwada manyan dabbobi da yawa, a kuma maimaita.

Na uku, in babbar tunkiya ta ci gaba da ramewa bayan an ba ta maganin tsutsa da abinci mai kyau, a kira likitan dabbobi. In ta mutu ko an yanka ta, a bar shi ya duba ƙarshen ƙaramin hanji da kaluluwar da take kewaye da shi, gama nan ne ake samun tabbaci mafi ƙarfi.

Na huɗu, sa'ad da za mu sayi rago ko tunkiyar kiwo, ko Yankasa ce, ko Uda, ko Balami, mu tambayi labarin garken da ta fito. Ƙiba da ƙyallin gashi ba su isa shaida ba.

Na biyar, mu tsabtace wurin haihuwa, mu ɗaga mazubin abinci da na ruwa daga ƙasa, mu riƙa kwashe taki. Ƙwayar tana iya rayuwa kusan shekara guda a wuri mai inuwa, ƙananan kuwa su suka fi saurin kamuwa.

Mai kiwon da ya san iyakar gwajinsa ba zai kwanta barci a kan takarda guda ba. Tun da cutar ba ta da magani, rigakafi shi ne abin da ya rage a hannunmu.