Najeriyar da Toyin ke zanawa, ba a taswira take ba

Idan ka taɓa cin karo da zanen Toyin Ojih Odutola kana cikin latse-latsen Instagram, na san abin da ya tsayar da yatsanka: fata. Baƙar fata ce da aka tufka da layuka siri-siri, wani kan wani kamar kitso, tana ƙyalli. Da biro fa ta yi suna, irin wanda kake cika fom da shi.

An haife ta a Ile-Ife a 1985, mahaifinta Bayarabe, mahaifiyarta 'yar ƙabilar Ibo. Tana da shekara biyar aka tafi da ita Amurka. Sun fara zama a Kalifoniya, daga baya suka koma garin Huntsville a jihar Alabama, can kudu inda wariyar launin fata ta yi kaka-gida tun zamanin bauta. To, a Ife wa zai kalli yarinya ya ce mata baƙa? Kowa baƙi ne, sai dai a tambayi 'yar gidan wane ce. Amma a Alabama, kafin a ji sunanta an riga an ga launinta. Shi ya sa ban yi mamaki ba da fata ta zama abin da ta fi ɓata wa lokaci. Har akwai jerin zanen da ta ɗauko fuskokin fitattun Turawa maza ta lulluɓe su da baƙar tawada, mai kallo ya tsaya yana lalube: wai wane ne wannan?

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda take zana gida. Wadda ta bar ƙasa tana 'yar shekara biyar ba ta da wani abin tunawa da yawa, sai ta koma ƙirƙira. A 2017, a gidan baje kolin Whitney da ke New York, ta nuna hotunan wasu manyan dangogi biyu na masu sarauta da dukiya a Najeriya, suna hutawarsu cikin ƙasaita kamar Bature bai taɓa zuwa ba. Babu su a duniya, ita ta ƙago su har da sunayensu. A 2020 kuma, a Barbican ta Landan, ta jera zane 40 da gawayi da alli, labarin wata tsohuwar daula a tsakanin duwatsun Filato inda mata ke mulki, maza ke aikin ƙarfi. Ɗan Jos zai gane duwatsun, amma ba zai gane garin ba.

Ka kwatanta ta da Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC. Ita a Inugu ta tashi, sai da ta kai shekara 16 ta tafi Amurka, a 1999. Zanenta cike yake da falo irin na gidajenmu, da atamfa, da tsofaffin hotunan dangi da na mujallu waɗanda take ɗora hotonsu a jikin bango da tufafi. Njideka tunawa take yi. Toyin kuwa ginawa take daga tushe.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: "Wannan ai Ba'amurkiya ce, me ta sani game da mu?" Akwai ƙamshin gaskiya, don ba za ka ga layin gidan mai ko ɗan acaɓa a aikinta ba, kuma masu kuɗin da take zanawa sun yi nisa da talakan da ke neman na koko. Sai dai ni ban ga inda ta ce rahoto take kawowa ba. 'Ya'yan yayyenmu da ake haifa yau a Manchesta da Jidda, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba, irin Najeriyar da ke kansu ke nan: rabi labarin iyaye, rabi abin da suka cike da kansu.

A 2024 dai Toyin na cikin masu zane da suka wakilci Najeriya a babban bikin baje kolin Venice da ke Italiya. Sunan da aka raɗa wa rumfar ƙasar shi ne Nigeria Imaginary, wato Najeriyar cikin tunani.