Biyan Kuɗi da Waya a Bacirawa da Batun Tikitin Jirgin Ƙasa

Tun a shekarar 2013 Babban Bankin Nijeriya ya shigar da jihar Kano cikin tsarinsa na rage mu'amala da tsabar kuɗi, amma tsarin bai ratsa garuruwan da ke kewaye da birnin ba, irin su Bacirawa ta ƙaramar hukumar Ungoggo, sai da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022. Ƙarancin kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 shi ne ya tilasta wa mai kayan miya da mai shayi da manomin da ke kai hatsi kasuwar Dawanau karɓar taransifa, wato tura kuɗi daga wani asusu zuwa wani ta waya, domin a wancan lokaci wanda ya ƙi karɓa kayansa kan kwana a hannunsa.

Wannan nauyi kuwa masu POS ne suka ɗauke shi, wato wakilan da ke zaune a rumfa ko bakin shago da 'yar na'urar cire kuɗi da turawa, galibi ta kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay. Ƙarfin mai POS yana cikin kasancewarsa ɗan unguwa, wanda aka san gidansu, ana yi masa bayani da Hausa, ana kuma iya komawa wurinsa idan sabis ya yanke, kuɗi suka fita daga asusun mai saye ba su shiga na mai sayarwa ba. Mai ƙaramar waya kuma yakan yi amfani da USSD, wato gajerun lambobin da ake dannawa a tura kuɗi ba tare da intanet ba. Matan aure masu sana'ar cikin gida sun ci moriyar wannan sauyi ƙwarai, tunda cinikin ƙuliƙuli ko ɗinki yana iso musu kai tsaye ba tare da ɗan aike ba.

Harkar jirgin ƙasa ta bi wata hanya dabam. A watan Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta intanet, domin a karya lagon masu saye tikiti su ɓoye sannan su tsauwala farashi a tashoshin Idu da Rigasa, kuma bayan harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022 aka wajabta wa fasinja gabatar da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Manufar tana da kyau, sai dai saye ta wannan hanya yana buƙatar babbar waya da data da iya karatun Turanci, abubuwan da ba kowane manomi ya haɗa ba.

Batun ya shafi mutanen yankin Kano, har da na Bacirawa, saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka kuma bai wa kamfanin Mota-Engil aikinsa, an tsara shi ya ratsa Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Waɗanda za su cika wannan jirgi fatake ne da 'yan ci-rani da masu zuwa biki da ta'aziyya, don haka ya kamata tun kafin ya fara jigila a ba masu POS izinin yankar tikiti, a buɗe hanyar saye ta USSD da Hausa, a kuma tsara yadda fasinjan da ya taso daga Maraɗi da sefa a aljihu zai biya kuɗin kujerar da aka yi wa farashi da naira.