Makunnin Tsohuwar Mita da Gyaran Gangar Auzinawa

A wani shagon gyaran rediyo da talabijin da ke cikin Durumi, bayan Area 1 a Abuja, na tarar da wata baƙar mita ajiye a ƙarƙashin tebur, ƙura ta lulluɓe ta. AVO 8 ce, irin mai nauyin nan da ake rataya wa madaurin fata. Mai shagon, dattijo ne, ya ce da ni: "Malam, allurarta lafiya lau. Makunnin ne ya ƙi." Yaronsa kuwa har ya yi mata ciniki da 'yan jari-bola.

Wannan mita tana da asali. Wani injiniyan gidan waya na Ingila, Donald Macadie, ya gaji da yawo da ma'auni daban-daban, sai ya haɗe su wuri guda, aka fara sayar da ita a 1923. Haruffa ukun nan na sunanta ma'aunan lantarki uku ne: amfiya, bolt da om. Samfurin 8 ya fito a 1951, ba a daina ƙera shi ba sai 2008. Amurka na da tata, Simpson 260, Japan kuma ta ba mu Sanwa YX-360TR, wadda kwaikwayonta ya cika shagunan masu gyara daga Sabon Garin Kano har Alaba. Abin da ya haɗa su duka shi ne: cikinsu na iya shekara 50 bai yi ko tari ba, amma abin da hannu ke murɗawa kullum shi ke fara gazawa.

In ka buɗe irin makunnin nan mai juyawa, za ka ga faya-fayai na bakalayit ko na tangaran an jera su a kan sanda ɗaya. A gefen kowane faifai akwai ƙananan harsunan ƙarfe, galibi da shafen azurfa, a tsakiya kuma zobe mai zagayawa yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji in ka murɗa, ɗan ƙwallon boris ne da sifirin ke dannawa cikin gurbi. A ƙananan mitoci na zamani, harsunan a kan allon lantarkin suke gogawa kai tsaye. Wanda ya taɓa buɗe ɗaya a kan tabarma ya san yadda ƙwallon nan ke tsalle ya ɓace. Sai a buɗe cikin tire ko faranti mai zurfi.

Yanayinmu ba ya tausaya musu. Ƙurar hunturu kan cakuɗe da tsohon giris ta zama kamar samfefa, damina ta kawo laima, hayaƙin janareto kuma na ɗauke da farar wuta, wadda ke mai da azurfa baƙa. Ga batirin da aka manta a ciki ya tsiyaye. Amma babban mai kisa shi ne mantuwa: a bar mita a kan awon om, a soka ta cikin soket mai bolt 230. Nan take rezisto ya ƙone, wani lokaci har faifan ya babbake.

A nan ne nake da ja da yawancin masu gyaranmu. Da zarar makunni ya fara wasa, sai a feshe shi da fetur ko man kwance noti, ko a bi harsunan da samfefa har su yi ƙyalli. Ranar dai zai yi aiki. Sai dai shafen azurfar bai kai kaurin takarda ba. In ka kankare shi, ƙarfen da ke ƙasa ya fito fili, bayan 'yan watanni ya dafe fiye da da. Man kuma ya jiƙa bakalayit, ya riƙa tara ƙura, fetur ya cinye roba. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: a yanki farar takarda siririya, a jiƙa ta da sifirit mai tsabta, a zura tsakanin harshe da zobe, a ja a hankali, a sake da sabuwa har ta daina fitowa da baƙi. Giris kaɗan a wurin ƙwallo da sanda kawai.

Idan faifai ya tsage, sufa-gulu ba abokin tafiya ba ne. Yana da gautsi, tururinsa kuma kan bar farin tabo a kan harsunan. Gam mai haɗi biyu, irin Araldite, shi ya fi, a daidaita tsagin, a ɗaure, a bar shi ya kwana. Mariƙin roba da ya karye, a huda ɓangarorin biyu a sa guntun waya ya zama ƙashi kafin a liƙe. Wurin da ya ƙone kuwa dole a sassaƙe baƙin kaf kafin a cike, domin gawayi na wuce da wuta. In an bar shi, wuta za ta riƙa satar hanya tsakanin harsuna biyu. Harshen da ya karye ana ciro irinsa daga matacciyar mita ko makunnin tsohuwar rediyo, a ɗaure da ƙaramin noti, a taɓa da dalma cikin hanzari, don zafi mai yawa na kashe tsaurin ƙarfen. Kafin a cire waya ko ɗaya, a ɗauki hotonta da wayar hannu.

Me ya sa ake wannan wahala alhali ga mita mai lamba ta Sin da araha? Tsofaffin masu gyara na da hujja: rawar allura na nuna yadda kafasito ke cika da yadda wuta ke hawa da sauka, abin da lambobi masu tsalle ba sa nunawa da kyau. Amma hujjar tana tsayawa ne in mitar na faɗin gaskiya. Datti a harshe ɗaya na iya ƙara om ɗaya ko biyu a awo, mai gyara ya cire lafiyayyen kaya ya jefar, ya caji mai rediyo kuɗin sabo. Don haka bayan kowane gyara a haɗa wayoyin awo biyu a ga allura ta koma sifiri, a gwada da rezisto da aka san ƙimarsa, a murɗa makunnin ta kowane gurbi ana kwatantawa da wata mita.

Dattijon nan na Durumi ya fasa sayarwa. Masu irinta a ƙarƙashin tebur, ku fara da cire batirin yau, ko da gyaran sai baɗi.