Ɗaukewar sauti a kwamfutar tebur mai Windows

Ɗaukewar sauti matsala ce da kwamfuta ke aiki lafiya lau, bidiyo na tafiya a allo, amma ba a jin komai daga lasifika. Sau da yawa ba wani abu ne ya ƙone ba: ko dai sautin ya bi wata hanya dabam, ko kuma manhajar da ke kai shi ga lasifika ta tsaya. Shi ya sa masu gyara ke fara bincike daga waje, kafin su kwance ko da kusa ɗaya.

Wayoyi da mafitar sauti

A bayan akwatin kwamfuta akwai ramuka masu launi: kore na lasifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi kuma na shigo da sauti daga wata na'ura. Girmansu ɗaya, don haka kuskuren rami abu ne mai sauƙi. Haka nan iyafis da aka manta a ramin gaba yakan sa lasifikar baya ta yi shiru.

Wayar HDMI ta fi ruɗa mutane, domin hoto da sauti take ɗauka tare. Idan aka haɗa sabon allo da ita, Windows na iya mayar da sautin can, ko da allon ba shi da lasifika. Mai kwamfuta sai ya ga ma'aunin ƙara na motsi, amma ɗaki tsit. Maganin shi ne a danna alamar lasifika da ke kusa da agogo, a sake zaɓar lasifikar da ake so. A nan ne kuma ake duba Volume mixer, inda kowace manhaja ke da nata ma'aunin.

Direba

Direba ƙaramar manhaja ce da ke haɗa Windows da na'urar sauti, wadda a kwamfutoci da dama ta kamfanin Realtek ce. Alamar rawaya a kan sunanta a cikin Device Manager na nuna akwai damuwa. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa, ana komawa tsohuwar direba. In ba haka ba, a cire ta a sake kunna kwamfutar, Windows ta ɗora wata da kanta.

Wani lokaci laifin ba na mai kwamfuta ba ne sam. A watan Oktoba na 2018, wata direbar Intel ta shiga kwamfutoci masu Windows 10 da ba nata ba ta hanyar Windows Update, ta kashe musu sauti, har sai da Microsoft ya fitar da gyara mai lamba KB4468550 domin cire ta.

Idan direba lafiya take, ana buɗe services.msc a sake tayar da Windows Audio. In duk wannan bai yi ba, sai a duba ko an kashe na'urar sautin a cikin BIOS. Wadda ta mutu da gaske ba ta buƙatar a sauya kwamfuta: ƙaramar na'urar sauti da ake maƙalawa a ramin USB tana maye gurbinta.